Faɗuwar Gaba a Filin Golf: Me Ke Daskarar da Gwani?

Gabatarwa

Wasan golf, wanda wasu kafafen watsa labarai na Hausa ke kira ƙwallon lambu, yana daga cikin wasannin da ɗan kallo kan raina. Babu gudu a cikinsa, babu ture, babu abokin hamayyar da zai tare wa mutum hanya ko ya ƙwace masa ƙwallo. Ɗan wasa zai tsaya ne a gaban wata 'yar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza ba, ya doke ta da sanda, ya bi ta, ya sake dukanta, har sai ta faɗa cikin ramin da faɗinsa bai wuce inci 4 da kwata ba. Idan ƙwallon ta iso shimfiɗar lallausar ciyawa da ke kewaye da ramin, ba a dukanta da ƙarfi, gara ta ake yi a hankali. Ramuka 18 ake bi a zagaye guda, kuma kowane rami yana da adadin bugun da aka ƙayyade wa gwani, uku ko huɗu ko biyar. A manyan gasanni zagaye huɗu ake yi cikin kwana huɗu, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne zakara. Ana buga wasan a Nijeriya a filaye irin na Rayfield da ke Jos da na Kaduna da Kano da Abuja, amma manyan gasanninsa huɗu a Amurka da Birtaniya ake yin su, daga can ne kuma misalan wannan batu suka fi fitowa.

Duk da wannan sauƙi da ido ke gani, da wuya a sami wasan da yake kunyata gwanayensa a bainar jama'a kamar golf. Akan ga mutumin da ya shafe shekara 20 yana wasan, ya zo gaban bugun da yaro ɗan shekara goma zai iya, sai hannunsa ya ɗauki rawa, ko ya ƙage ya kasa ɗaga sandar baki ɗaya. Da zarar haka ta faru, hukuncin 'yan kallo a shirye yake: ai ba shi da zuciya, ai matsoraci ne, faɗuwar gaba asarar namiji. Wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin shi ne yake sa masu horarwa su riƙa ba da maganin da ke ƙara cutar. A mafi yawan lokuta yawan kula ne yake yi wa gwani illa: yakan koma yana sa wa hannuwansa ido yana ba su umarni, alhali sun daɗe da iya aikinsu ba tare da ya sa musu baki ba. Maganin abin kuwa yana cikin yadda ake koyo da yadda ake atisaye, tun kafin ranar gasa.

Yadda Abin Yake Faruwa

A watan Afrilun 2011, Rory McIlroy, ɗan Ailan ta Arewa mai shekara 21, ya shiga ranar ƙarshe ta gasar Masters a filin Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka yana gaban kowa da ratar bugu huɗu. Ya yi kwana uku yana wasa babu mai kamo ƙafarsa. A rami na 10 ya doki ƙwallo ta karkace hagu, har ta faɗa tsakanin wasu ɗakunan saukar baƙi inda ba a saba ganin ƙwallo ba, ya gama ramin da bugu bakwai a maimakon huɗu. A rami na 12 sai da ya gara ƙwallon sau huɗu kafin ta shiga. A na 13 ya jefa ta cikin rafi, kyamarori suka nuno shi ya kifa kai a hannu yana dogare da sandarsa. Ya kammala ranar da bugu 80, Charl Schwartzel na Afirka ta Kudu ya ɗauki kambun. Wata biyu kacal bayan haka, wannan saurayi dai ya lashe gasar US Open da ratar bugu takwas. Duk wanda ya ce rashin zuciya ne ya kayar da shi a watan Afrilu, sai ya faɗi kasuwar da ya sayo zuciyar kafin watan Yuni.

Labarin Kevin Na, Ba'amurke haifaffen Koriya ta Kudu, ya fi wannan ban mamaki, domin shi tasa daskarewar ta zahiri ce. A gasar Players ta watan Mayun 2012 a jihar Fulorida, yakan gyara tsayuwa a gaban ƙwallo, ya kaɗa sanda sau biyu, sau huɗu, sau shida, amma ya kasa ja da ita baya don ya kai dukan. Wani lokaci ya janye ya sake sabon shiri, wani lokaci ya kai dukan da gangan ta saman ƙwallon don kawai ya warware jikinsa, wani lokaci kuma a ji shi yana yi wa kansa tsawa. Abin lura shi ne, a rana ta uku, duk da wannan azaba, bugu 68 ya yi ba tare da ya zarce adadin da aka ƙayyade ba ko da a rami ɗaya, ya kwana yana kan gaba. Wato da zarar sandar ta tashi dukan lafiya lau yake, tayar da ita ne ya gagara. Shi da kansa ya shaida wa 'yan jarida cewa ya sauya salon tsayuwarsa da dukansa ne, jikinsa kuma bai gama amincewa da sabon salon ba. Kashegari wasu 'yan kallo suka riƙa yi masa ihu da gori, shi kuma ya yi ta gaggawa don kada ya ɓata wa abokin wasansa lokaci, ya tashi da bugu 76, gasar ta kuɓuce masa.

Dalilin da ya sa golf ya fi sauran wasanni fama da wannan matsala ba boyayye ba ne. Ɗan dambe ba shi da lokacin tunani, domin kafin ya gama tunanin naushi ya iso. Haka mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ƙwallon ce take tilasta masa motsi. A golf kuwa ƙwallon tana zaune tana jira, babu abin da zai faru sai ɗan wasa ya ga dama. Zagaye guda kan ɗauki awa huɗu ko fiye, amma in aka tara lokacin da ake kai duka a cikinsa bai fi 'yan mintuna ba. Sauran duk tafiya ce da tsayuwa da saƙe-saƙen zuci. Abin da ya fi kama da wannan a ƙwallon ƙafa shi ne bugun fenareti, shi ya sa a nan ne ake ganin irin wannan ɓarin. Masu sha'awar ƙwallo ba su manta da Asamoah Gyan na Gana ba a gasar cin kofin duniya ta 2010, wanda ya riga ya ci fenareti biyu a gasar, amma ya doki turken sama a minti na ƙarshe na wasansu da Yurugwai. Bayan 'yan mintuna, da aka zo bugun raba gardama, shi ne ya fara bugawa wa Gana kuma ya ci. Ƙafar dai ita ce, mai ita ma shi ne.

Abin da Masana Suka Gano

Idan mutum ya fuskanci abin da yake tsoro, jikinsa yakan saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya jiƙe, tsokoki su ɗaure. Wannan shiri ne mai amfani ga wanda zai guje wa kura ko zai yi kokawa. Ga wanda zai gara ƙwallo tazarar taku ɗaya kuwa, kaya ne mai nauyi. Sai dai wannan hali kowa yana shiga cikinsa, da wanda zai ci da wanda zai faɗi. Saboda haka bugun zuciya kaɗai bai isa ya bayyana dalilin da ya sa wani ya daskare wani bai daskare ba. Bambancin yana wurin da hankali ya karkata a lokacin da zuciyar take bugawa.

Sani iri biyu ne. Akwai wanda ake iya faɗa da baki daki-daki, akwai kuma wanda ya zauna a gaɓɓai har mai shi ba ya iya bayyana shi. Yarinyar da ta saba ɗauko tulu a ka daga rijiya takan taho tana hira tana dariya, ko ɗigo bai zuba ba. Ranar da aka ce mata manyan baƙi suna kallonta, ta kula da wuyanta, ta kula da takunta, ranar ce tulun zai fara tangaɗi. Haka matan da ke lugude a turmi ɗaya, muddin ɗaya ta tsaya lissafin lokacin da za ta saki taɓaryarta, to sai taɓare sun yi karo. Dukan ƙwallon golf bai fi daƙiƙa biyu ba daga tashin sanda zuwa saukarta, kuma gaɓɓai masu yawa ne suke aiki tare a cikin wannan ɗan lokaci. Tunanin da ake yi da kalmomi ya yi nawar da ba zai iya jagorantar irin wannan aiki ba. In ya tsoma baki, sai ya yanyanka motsi guda ɗaya zuwa gunduwa-gunduwa, gwani ya koma tamkar ɗan koyo.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun gwada wannan da bugun golf ɗin kansa. A shekarar 2001 Sian Beilock da Thomas Carr, na jami'ar jihar Mishigan a Amurka, sun nuna cewa gwanayen golf sun fi 'yan koyo sanin ƙa'idojin gara ƙwallo, amma in aka tambaye su yadda suka yi bugun da suka gama yanzu-yanzu, bayaninsu bai kai na 'yan koyo tsawo ba. Hannunsu ne ya yi aikin, hankalinsu bai halarta ba. A wani gwajin da ya biyo baya an sa gwanaye su gara ƙwallo suna sauraren wani sauti da aka ce su kula da shi, sannan aka sa su gara suna lura da motsin sandarsu. Sun fi dacewa a lokacin da aka raba musu hankali. 'Yan koyo kuwa akasin haka ake samu gare su, su raba hankalin ne yake ɓata musu. An kuma gano cewa gwanaye sun fi yin daidai idan aka ce su yi bugun da sauri, 'yan koyo kuma idan aka ba su isasshen lokaci.

Akwai kuma wata illa ta biyu, wato illar kalmar "kada". Daniel Wegner da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a 1998, inda suka gargaɗi mutane da kada su gara ƙwallo ta wuce inda aka yi alama. Waɗanda aka ɗora wa wani nauyin tunani a lokacin, kamar riƙe wasu lambobi a ka, sai suka fi yawan aikata abin da aka hana su. Domin mutum ya kiyaye abin da aka ce kada ya yi, tilas ne ya riƙa duba shi a zuci, wannan dubawar kuwa ita ce take ajiye hoton abin a gabansa. Ɗan wasan da ya tsaya yana ce wa kansa kada ƙwallo ta faɗa ruwa, ruwan yake kallo da idon zuci, hannu kuma inda ido ya nuna yake bi. Garin neman gira ake rasa ido.

Magungunan da Ba Sa Aiki da Masu Aiki

Idan aka fahimci wannan, za a ga inda mai horarwa na gargajiya yake kuskure. Ɗalibinsa ya daskare a gasa, sai ya kira shi gefe ya jero masa gyare-gyare: ya sassauta riƙo, ya tsayar da kai, ya lanƙwasa gwiwa, ya kula da kafaɗar hagu. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan gaskiya ce, kuma kowace ɗaya ƙarin itace ne a wutar da ake son kashewa. Wani kuma tsawa zai yi masa, ya ce ya zama namiji, abin da ba ya ƙara wa ɗalibin komai sai tunanin abin da za a ce in ya sake faɗuwa. Na ukunsu, wanda ya fi su kyakkyawar niyya, zai tura shi ya je ya gara ƙwallo ɗari biyar shi kaɗai da sassafe. Zai kuwa jefa kusan dukkansu a rami, domin da ma iya bugun ba shi ne matsalarsa ba. Abin da bai iya ba shi ne bugun a gaban idon mutane, wannan kuwa ba a koyonsa a filin da babu kowa. Akwai ma masu neman gajeriyar hanya ta shan magungunan rage bugun zuciya irin na masu hawan jini, to hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta su a gasar golf.

Magani na farko, kuma mafi ƙarfin hujja, shi ne a shigo da fargabar cikin atisaye. A binciken nan na 2001, an horar da wasu 'yan koyo a keɓe cikin natsuwa, wasu kuma aka horar da su a gaban kyamara, aka shaida musu cewa ƙwararru za su duba hoton su auna su. Da aka zo gwajin ƙarshe, wanda aka sa kuɗi a kansa aka kuma ce rabon wani abokin tarayya ya rataya a wuyansu, waɗanda suka koya a keɓe suka taɓarɓare, waɗanda suka saba da kyamara ba su taɓarɓare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai horarwa na ƙwarai zai tara wa ɗalibinsa 'yan kallo tun a atisaye, ya sa masa sharaɗi, alal misali sai ya jefa ƙwallo 20 a jere kafin ya tashi, in ya kuskure ɗaya ya koma farko. Ɗalibin da ya kai ta 19 ya ɗanɗani wani abu daga cikin abin da ke jiransa ranar gasa.

Na biyu ya shafi yadda ake koyarwa tun daga tushe. Richard Masters ya nuna a Ingila a 1992 cewa waɗanda suka koyi gara ƙwallo da tarin ƙa'idojin baki sun fi saurin rikicewa a cikin matsi fiye da waɗanda suka koya ba tare da ƙa'idojin ba, ko da yake waɗannan na biyun koyonsu ya fi tafiyar hawainiya. Dalili kuwa a fili yake: wanda aka cika wa kai da ƙa'idoji yana da abin da zai koma yana tonawa ranar da gabansa ya faɗi. Wannan ba ya nufin malami ya kame bakinsa. Ɗan koyo yana bukatar bayani, kamar yadda gwaje-gwajen da aka ambata suka nuna. Abin nufi shi ne bayani tsani ne, kuma malamin da ya san aikinsa yakan san ranar da zai janye shi. Sau da yawa kwatance guda ɗaya, kamar a ce wa yaro ya kaɗa sandar yadda ake shara da doguwar tsintsiya, ya fi umarni bakwai zama a jiki.

Sauran dabarun na cikin fili ne, kuma duk manufarsu ɗaya, wato a ba hankali wani aiki don ya ƙyale hannu. Pia Nilsson da Lynn Marriott, masu horarwa da suka yi aiki da shahararriyar 'yar wasan Suwidin Annika Sorenstam, sukan koya wa 'yan wasa su ja layi a zuci a bayan ƙwallo. A bayan layin ake duk wani lissafi na iska da nisa da zaɓen sanda. Da zarar an tsallake layin shawara ta ƙare, sai duka. In shakka ta taso, a koma bayan layin a sake, kada a tsaya a kan ƙwallo ana muhawara da kai. Joan Vickers ta jami'ar Kalgari a Kanada ta auna inda idanun 'yan wasa suke sauka, ta gano cewa gwanaye sukan kafa ido a wuri ɗaya a jikin ƙwallon na kimanin daƙiƙa biyu zuwa uku kafin su gara ta, su bar idon a wurin har bayan ta tafi, alhali idon wanda bai ƙware ba yakan yi ta yawo tsakanin rami da sanda da ƙwallo. Wasu kuma kalma ɗaya tak suke riƙewa, kamar "sannu", su maimaita ta a zuci. Fitar da dogon numfashi kafin a matso kusa da ƙwallo yana rage gudun zuciya. Tsawaita tsayuwa kuwa ba ya ƙara komai sai ƙofar waswasi. Dokokin wasan da aka sabunta a 2019 sun ba da shawarar kada bugu ya wuce daƙiƙa 40, an yi haka ne don hanzarta wasa, amma mai fama da daskarewa ya fi kowa cin moriyar shawarar.

Masu Cewa Halitta Ce

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne. A wurinsu natsuwa a cikin matsi kyauta ce da ake haihuwar mutum da ita, sukan kuma kafa hujja da irin su Jack Nicklaus da Tiger Woods. Ba za a musanta cewa mutane sun bambanta a ɗabi'a ba, wani ya fi wani yawan sa wa kansa ido. Amma waɗannan masu ra'ayi suna yin kuskure biyu. Na farko, sukan kira kowace ɓarar da bugu faɗuwar gaba, alhali ƙididdigar manyan gasannin Amurka ta nuna cewa daga nisan ƙafa takwas ƙwararru ma kusan rabin bugunsu ne yake shiga, ko da babu wani matsi. Na biyu, sukan ɗauka wanda ya ci bai ji tsoro ba.

Ƙarshen labarin McIlroy ya isa amsa. A gasar US Open ta 2024 a Pinehurst, yana dab da cin babbar gasarsa ta farko tun 2014, ya ɓarar da bugun da bai kai ƙafa uku ba a rami na 16, bayan ya jefa irinsa 496 a jere a wannan kakar ba tare da kuskure ba. Ya sake ɓarar da wani gajere a na 18, Bryson DeChambeau ya doke shi da bugu ɗaya. A ranar 13 ga Afrilun 2025 ya dawo Augusta yana kan gaba da bugu biyu. Ya zubar da ratar a ramin farko, ya jefa ƙwallo a rafi a na 13 daga ɗan gajeren nisa, ya kuma kuskure bugun da zai ba shi kambun a na 18. Daga baya ya bayyana cewa ya wuni cikinsa a ƙulle, abinci ya ƙi shiga, ƙafafunsa kamar ba nasa ba. A hanyar zuwa bugun raba gardama da Justin Rose, mai riƙe masa jaka, Harry Diamond, bai ce masa komai game da riƙon sanda ba. Tuna masa kawai ya yi cewa da a farkon mako aka yi musu tayin wannan dama, da hannu biyu za su karɓa. McIlroy ya ajiye ƙwallo dab da rami ya gara ta ta shiga, ya zama mutum na shida a tarihi da ya haɗa manyan gasannin huɗu. Fargabar tana nan har bugun ƙarshe, abin da ya koya cikin shekara 14 shi ne yadda zai yi bugu tana tare da shi.

Inda Dabara Ba Ta Isa Ba

Adalci ne a ware wani rukuni da duk abin da aka faɗa ba lallai ya wadatar da su ba. Akwai wata larura da 'yan golf ke kira yips da Turanci, sunan da ake danganta yaɗuwarsa ga tsohon zakaran nan Tommy Armour. Mai ita yakan ji wuyan hannunsa ya fizga da kansa daidai lokacin da sanda za ta taɓa ƙwallo. Ernie Els na Afirka ta Kudu, mai manyan kambuna huɗu, ya gara ƙwallo sau shida daga ɗan taƙi a ramin farko na gasar Masters ta 2016, ya tashi da bugu tara, duniya tana kallo. Likitocin cibiyar Mayo a Amurka sun yi nazarin masu wannan larura, suka ga cewa wasunsu fargaba ce tsagwaronta, wasu kuwa matsalar jijiya ce da ke sa tsokokin da ya kamata ɗaya ta saki ɗaya ta ja su ɗaure a lokaci guda. Danginta ne abin da ke kama yatsun wasu marubuta da makaɗa bayan shekaru suna maimaita motsi ɗaya. Fargaba tana tsananta ta, amma ba ita ce tushenta ba, don haka gaya wa irin wannan mutum ya kwantar da hankalinsa daidai yake da gaya wa mai shaƙuwa ya daina.

Abin da ya fi taimakon waɗannan shi ne su sauya motsin baki ɗaya, domin jijiyoyin su bi sabuwar hanya. Babu wanda ya nuna haka kamar Bernhard Langer na Jamus, wanda larurar ta kama tun yana matashi ta kuma yi ta dawo masa. Da ta zo, sai ya juya riƙonsa ya sa hannun hagu a ƙasa, da wannan riƙo ya ci Masters a 1985. Da ta dawo, sai ya jingina sandar a damtsen hagunsa ya damƙe su tare da hannun dama, ya sake cin gasar a 1993. Daga baya ya koma ga doguwar sanda wadda ake tokare kanta a ƙirji. Daga ranar 1 ga Janairun 2016 hukumomin wasan suka haramta tokare sanda a jiki, hukuncin da yake da hujjarsa ta kare asalin wasan, amma wanda ya fi ƙuntata wa masu larura fiye da kowa. Langer ya ɗan janye sandar daga ƙirjinsa ya ci gaba.

Shi ne kuma mutumin da nauyin nahiyar Turai ya hau kansa a gasar kofin Ryder ta 1991 a tsibirin Kiawah na Amurka. Bugu ɗaya ya rage, na ƙafa shida, a karawarsa da Hale Irwin. In ya shiga Turai ta riƙe kofin. Ƙwallon ta goge bakin ramin ta wuce, Amurka ta ci da maki 14 da rabi, Turai tana da 13 da rabi. Mako ɗaya bayan haka Langer ya lashe gasar German Masters a ƙasarsa. A 2023, yana da shekara 65, ya ci gasarsa ta 46 a rukunin dattawan 'yan wasa na Amurka, ya shafe tarihin nasara 45 da aka daɗe ana ganin ba mai kamo shi. Mai wancan tarihin kuwa Hale Irwin ne.